Yadda ake tsara rikicin kambu a resilin ba tare da labarin ya watse a hanya ba

Da wuya ka sami mai kallon resilin da bai taɓa tashi daga gaban talabijin yana tsaki ba, yana cewa da shi ne ke tsara wasan nan da ba haka za ta kaya ba. Waɗanda suka ɗauki maganar da gaske, suka zauna da biro da takarda suna rubuta wa zai kara da wa, wa zai ci, ta wace hanya, a wane mako, su ne ke yin abin da Turawa ke kira fantasy booking. Tunda sakamakon resilin a tsare yake tun kafin a hau dandamali, ba kamar kokawar takobi ta Nijar ba inda ƙarfi da dabara ke raba gardama, ai duk nauyin yana wuyan mai tsarawa ne.

Mafi yawan abin da mutane ke rubutawa jerin sunaye ne kawai: wane da wane a WrestleMania (babban wasan shekara na kamfanin WWE), wane ya ci. Abin da ya rage a ciki shi ne bashi. Duk lokacin da mugu ya cuci jarumi a gaban jama'a, ka ci bashin mai kallo, kuma yana jiran ranar biya. Aikinka shi ne ka san nawa ka ci, yaushe za ka biya, da wanda zai biya.

Ka ɗaure kanka tukuna

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta labari, zaɓi ranar da za ka fara, ka tsaya a kanta. Idan ka ce daga Janairun 2014 za ka ɗauko, to 'yan wasan da kamfanin da ka zaɓa yake da su a Janairun 2014 kaɗai za ka taɓa. Wanda ke jinya yana jinya, wanda ke ƙarƙashin kwantiragin wani kamfani ba naka ba ne. Shafin Cagematch yana ajiye sakamakon wasanni da ranakunsu, can za ka duba wanda ya yi wasa a wane mako da wanda ya ɓace. Wannan ƙa'ida tana da tushe. A 2001, bayan WWF (WWE ta yanzu) ta sayi kishiyarta WCW a watan Maris, ta shirya labarin 'yan WCW sun kawo mata mamaya ba tare da Hulk Hogan, Goldberg, Sting ko Kevin Nash ba, saboda manyan kwantiraginsu ba su shigo cikin cinikin ba. Wanda zai gyara wannan labarin ya fara da cewa "sai Goldberg ya fito" ya tsallake matsalar ne, bai warware ta ba.

Sai kalanda. Shirye-shiryen mako-mako na WWE su ne Raw ranar Litinin da SmackDown ranar Juma'a, sai Dynamite na kamfanin AEW ranar Laraba. Babban wasa a WWE yana zuwa kusan duk bayan mako huɗu zuwa biyar. Tsakanin Royal Rumble (wasan mutane da yawa da ake fitar da juna ta saman igiya, wanda ya rage ya nemi kambu a WrestleMania) da WrestleMania akwai mako 9 a 2023, mako 10 a 2024. Ja layi a takarda, kowane mako da gurbinsa, ka yi wa manyan wasanni alama. Ka kuma tuna awa ɗaya ta talabijin a Amurka ba ta wuce minti 45 idan an cire talla, don haka shirin awa biyu zai ɗauki wasa huɗu zuwa biyar da magana uku ko huɗu. Rikicinka, komai girmansa, minti 15 zuwa 20 zai samu a mako. Sauran na wasu ne.

Rubuta hoton ƙarshe kafin na farko

Jumla ɗaya ta isa: wane, a wane wuri, ya kayar da wane, da me, wa ke tsaye kusa da shi. Misali na gaske: Cody Rhodes, a Filadelfiya, 7 ga Afrilun 2024, ya kayar da Roman Reigns bayan Reigns ya yi kwana 1,316 yana riƙe da kambu. Daga wannan jumla kake komawa baya kana tambayar kanka me ya wajaba ya faru kafin wannan ya yi daɗi. Dole a ga Cody ya fāɗi a WrestleMania 39 saboda Solo Sikoa, ɗan uwan Reigns, ya sa hannu. Dole a san cewa mahaifinsa Dusty Rhodes ya ci Superstar Billy Graham a Madison Square Garden a 1977 amma ta ƙirgen waje, aka hana shi kambun. Dole dangin Reigns su cuci mutane da yawa, ta yadda a ranar biya fitowar Jey Uso da Seth Rollins da John Cena da Undertaker za ta zama sakayya, ba hayaniya ba.

Wanda ya fara daga mako na ɗaya yana tafiya gaba yakan ƙone duk dabarunsa a mako na uku, ya iso babban wasa hannu rabbana.

Me ya haɗa su?

Kambu shi kaɗai dalili ne, amma mai rauni. Yana riƙe labari na mako huɗu. Idan kana son wata uku ko shekara, sai ka ɗora wani abu na zuciya a kansa: cin amana, hassada, raini, gadon gida, ko tsoron tsufa. Gwajin mai sauƙi ne. Cire kambun daga labarin. Idan har yanzu mutanen biyu suna da dalilin dukan juna, ka kama hanya.

Dubi Hogan da Randy Savage. Savage ya ci kambu a WrestleMania IV a 1988 da taimakon Hogan, suka zama aminai, kishi kan Miss Elizabeth, matar da ke raka Savage, ya riƙa ci a hankali har suka ɓata a Fabrairun 1989, aka raba gardama a WrestleMania V. Shekara guda cur, kuma abin da ya riƙe ta kallo ne da ɗaga gira da hannun da ya daɗe a kafaɗa fiye da kima. Hangman Page ma haka: ya fāɗi a hannun Chris Jericho a wasan kambun AEW na farko a Agustan 2019, ya haɗa kai da Kenny Omega, suka rabu, Omega ya doke shi a Nuwamban 2020, sai a 13 ga Nuwamban 2021 ya karɓi kambun daga hannunsa. Abokin gābarsa na gaskiya a labarin rashin yarda da kansa ne.

Mugun kuma, ko bos kamar yadda masu kallon fim ke cewa, ya zama yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mugun da ke mugunta don mugunta kawai yana gundura da wuri. Ka rubuta masa jumla ɗaya da shi kansa ya yarda da ita, wadda mai kallo zai ji haushi saboda akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Rabon makonni

Ɗauki rikicin mako goma mai babban wasa ɗaya a tsakiya. Mako na 1 da na 2 na laifi ne: a yi cutar a fili, kowa ya gani. Na 3 da na 4 jarumi ya nemi haƙƙinsa, a sa masa sharaɗi, ya cika. Mako na 5 babban wasan tsakiya, inda ko dai ya sami damar kambu, ko a sake cutarsa. Na 6 da na 7 su ne ramin: a raba shi da abokinsa, a ji masa ciwo, ko a tona masa wani asiri. Na 8 ya farfaɗo. Na 9 a sa hannu a kwantiragi a bayyana sharaɗin wasan. Na 10, shirin ƙarshe kafin babban dare, mugu ne ya kamata ya tsaya a kan jarumi yana ɗaga kambu, domin mai kallo ya kwana da haushi.

Abin da ya fi ɓata tsarin sababbin hannu shi ne yawan haɗa jiki. Idan mutanen biyu suna dambacewa kowane mako, ranar babban wasa ba sauran abin gani. A mako goma, haɗuwar jiki uku ta isa, kuma kowace ta fi ta baya zafi. Sauran makonni ka cike da wasu abubuwa: jarumi ya kara da yaran mugu ɗaya bayan ɗaya, mugu ya zauna a teburin masu sharhi yana kallo, a nuna faifan tarihi, a yi wasan biyu da biyu inda mugu ke gudun shiga duk lokacin da jarumi ke ciki. Sting ya shafe fiye da shekara bai ce uffan ba, yana tsaye a saman rufin fili yana kallon Hogan, kuma Starrcade na 1997 ya zama wasan da WCW ta fi sayarwa a tarihinta.

Maganar baka, wadda take kamar kirarin 'yan dambe kafin a shiga fage, ba sai ka rubuta ta kalma da kalma ba. Rubuta abu uku: abin da mai maganar ke so, sabon abin da mai kallo zai sani bayan ya gama, da jumlar da zai rufe da ita. In babu sabon abu, soke maganar. Kada kuma jarumi ya ce abokin karawarsa ba kowa ba ne. Idan ya kayar da ba kowa ba, me ya ci? Idan ba kowa ba ya kayar da shi fa?

Yadda wasa ke ƙarewa

Nan ne ake gane gwani. Hanyoyin ƙarewa huɗu ne: a danne kafaɗu alƙali ya ƙirga uku, a miƙa wuya, a ƙirga goma mutum yana waje (a New Japan ashirin ake ƙirgawa), ko a kori mutum don ya karya doka. A al'ada kambu ba ya sauya hannu ta biyun ƙarshe. Wannan ita ce garkuwar zakara, kuma makami ne a hannunka: jarumi zai iya cin wasa ya tafi gida ba kambu. Sau ɗaya ake amfani da ita a rikici guda. Ta biyu mai kallo zai fara jin shi ake yi wa wayo.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Kowace nasara da aka samu ta hanyar cuta, ko kutsen wani, ko bugun alƙali, bashi ne. Kowace nasara mai tsabta biya ce. Rikici mai wasa uku yakan tafi haka: na farko mugu ya ci da cuta, na biyu ya tsira ta garkuwar zakara ko a tashi ba sakamako, na uku a sa sharaɗin da zai toshe ainihin ƙofar da ya bi ya tsere. Idan yaransa ne ke shigowa, keji. Idan guduwa yake yi a ƙirga shi a waje, a ce kambu zai tafi ko ta ƙirgen waje. Idan alƙali yake ruɗawa, a kawo alƙali na musamman. Sharaɗin da bai amsa wata cuta da aka gani ba ado ne kawai, kuma Hell in a Cell, wasan cikin keji mai rufi, da aka riƙa yi don watan Oktoba ya kama, ba don rikici ya kai can ba, shi ya rage wa kejin kwarjini.

Ranar biya kuma a biya duka. A Starrcade na 1997 an tsara alƙali Nick Patrick ya yi saurin ƙirge don Bret Hart ya fito ya ce an yi cuta a sake wasa. Ƙirgen ya fito daidai, ba sauri, sai ya zama kowa ya ga Hogan ya kayar da Sting da gaskiya. Ginin fiye da shekara ya tsage a daƙiƙa uku. Darasin ga mai takarda: duk ƙarshen da ke buƙatar mutum huɗu su yi abu huɗu a kan lokaci, rage shi.

Akwai kuma hanyar kayar da mutum ya tashi ya fi da. A WrestleMania 13 a 1997 Steve Austin bai miƙa wuya ga Bret Hart ba, suma ya yi cikin jini, alƙali Ken Shamrock ya tsayar da wasa. Austin ya shiga a mugu ya fito jarumi, Hart ya shiga a jarumi ya fito mugu. Kishiyar wannan ita ce ƙungiyar Nexus: matasa sababbin shiga suka farfasa dandamalin Raw a 7 ga Yunin 2010, kowa ya tsorata da su, sai aka kayar da su a babban wasansu na farko a SummerSlam, Cena ya gama da biyun ƙarshe shi kaɗai bayan an buga kansa a kan siminti. Ƙungiyar ba ta sake tashi ba. Sabon dodo ba ya fāɗuwa a gwajin farko.

Juyin hali da jakar kwantiragi

Kafin mutum ya juya daga jarumi zuwa mugu ko akasin haka, shuka alamu uku aƙalla waɗanda mai kallo zai tuna daga baya ya ce ashe. Sami Zayn ya shafe watanni a 2022 yana neman karɓuwa a gidan Reigns, ana yi masa dariya, ana gwada shi, kafin ya ɗaga kujera ya maka wa Reigns a baya a Royal Rumble na 2023. Ka kuma saurari jama'a. An juyar da Becky Lynch ta zama muguwa a SummerSlam na 2018, 'yan kallo suka ƙi, suka yi ta yi mata tafi, har ta kai ga cin babban wasan WrestleMania 35. Batista ya ci Rumble na 2014 aka yi masa ihu saboda Daniel Bryan ake so, dole aka sauya tsari. Idan kana gyara tarihi, sautin jama'a na lokacin yana cikin abubuwan da ba ka da ikon gogewa.

Jakar Money in the Bank, wadda ke ba mai ita damar neman kambu a duk lokacin da ya so cikin shekara guda, ta fi dacewa da mugu, tunda amfani da ita cin gajiyar wanda ya gaji ne. Edge ya fara nuna haka a Janairun 2006 kan Cena bayan Cena ya fito daga Elimination Chamber, wasan keji na mutum shida. Tana kuma warware kulli: a WrestleMania 31 Rollins ya shigo tsakiyar wasan Brock Lesnar da Reigns, aka raba Lesnar da kambu ba tare da an danne shi ba. Kada dai ka manta tana hannun wani. Masu tsari da yawa sukan rubuta wata shida su mance da ita.

Gwaji a kan labari na gaske: Kofi Kingston, 2019

Kofi, haifaffen Kumasi a Gana, ya shiga layin kambu a Fabrairun 2019 ne saboda Mustafa Ali ya ji rauni. Jama'a suka rungume shi, ya kayar da Daniel Bryan a WrestleMania 35. A 4 ga Oktoba, daren farko na SmackDown a tashar Fox, Lesnar ya kayar da shi da F-5 (salon kayarwarsa na gama wasa) ɗaya cikin daƙiƙun da ba su kai goma ba, nan take Cain Velasquez ya fito, labari ya koma can. Kofi bai sake samun wasan ramuwa ba.

A ce za mu gyara, amma da sharaɗi: Fox na son babban suna a daren farko, don haka Lesnar zai ci. Drew McIntyre zai karɓi kambun a WrestleMania 36 kamar yadda aka yi. Xavier Woods, abokin ƙungiyar Kofi, zai ji rauni a agara a watan Oktoba, ba za mu hana ba. Lesnar kuma ba ya zuwa kowane mako. Farko da ƙarshe suna nan, tsakiya kaɗai za mu taɓa.

Daren 4 ga Oktoba wasan ya kai minti 8 zuwa 10. Kofi ya sha suplex, ya tashi daga F-5 na farko a ƙirge na biyu, ya sami Trouble in Paradise (shurinsa na gama wasa) ɗaya da ya sa Lesnar ya durƙusa, na biyun F-5 ya gama shi. Wannan durƙuson shi ne jarinmu. Mako mai zuwa Kofi ya fito ba raha ba jifan fanken da ya saba yi wa 'yan kallo, ya ce abu ɗaya: ya ga gwiwar Lesnar ta taɓa ƙasa. Paul Heyman, mai magana da yawun Lesnar, wanda shi zai riƙe ɓangaren Lesnar a makonnin da ba ya nan, ya amsa cewa ba a ba da wasan ramuwa, kuma Lesnar ya koma Raw a Nuwamba kamar yadda ya faru. Yanzu akwai katanga ta gaske tsakaninsu, hanyar tsallake ta ɗaya ce: Royal Rumble, 26 ga Janairun 2020, mako 16 daga daren faɗuwa.

Mako 16 ba za su cika da magana ba. Kofi da abokin ƙungiyarsa Big E su ci kambun biyu-biyu a Nuwamba kamar yadda aka yi, amma a ga hankalin Kofi ba ya wurin, har Big E ya gaya masa gaskiya a Disamba bayan sakacinsa ya kusa jawo musu asara. A Janairu ya ci wasanni biyu shi kaɗai da tsabta. A Rumble na gaskiya Lesnar ya shiga a lamba ta 1 ya fitar da mutum 13, har da Kofi, sai Ricochet ya buge shi a ƙasan mara McIntyre ya fitar da shi. Mu sai mu jinkirta shigowar Kofi, mu ba shi gurbin Ricochet, kuma ba bugun ƙasan mara ba: Trouble in Paradise, Lesnar ya durƙusa karo na biyu, Claymore, shurin McIntyre, ta fitar da shi. Wasan kambu na 27 ga Fabrairu a Riyad, wanda Ricochet ya samu, ya koma na Kofi, minti 12, ya fāɗi bayan ya ji wa Lesnar ciwo a gwiwar da McIntyre zai bi a Afrilu. Kofi bai karɓi kambu ba, amma an biya mai kallo, McIntyre kuma bai rasa komai ba. Wanda aka zalunta a wannan tsari Ricochet ne, sai ka nemo masa wani abu a layin kambun Amurka, domin duk gurbin da ka ba wani daga hannun wani ka ƙwace shi.

Kafin ka fitar

Karanta tsarin daga sama kana ƙirga abu uku: sau nawa zakara ya fāɗi a wasan da ba na kambu ba (fiye da ɗaya a wata uku ya yi yawa), sau nawa aka yi kutse, da kuma wa ke jiran sabon zakara washegari. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. CM Punk ya ci kambu a Shikago a 17 ga Yulin 2011 ya fice da shi ta cikin jama'a, bayan kwana takwas aka dawo da shi, zafin ya huce. Rubuta aƙalla mako huɗu na bayan nasara.

Sai shirin ko-ta-kwana. Finn Bálor ya ci kambun Universal a SummerSlam na 2016, washegari ya ajiye shi saboda raunin kafaɗa. A gefen kowane babban suna a takardarka rubuta wanda zai maye gurbinsa, ka tabbata shi ma yana cin wasanni a makonnin. In kana son gwada tsarin kafin mutane su gani, wasan kwamfuta na Total Extreme Wrestling na Adam Ryland yana lissafa farin jini da gajiya da kwantiragi, sashen MyGM na wasan bidiyo WWE 2K kuma yana takura ka da kasafin kuɗi. Wajen rubutawa, kowane mako sakin layi ɗaya: wasa, wanda ya ci, yadda ya ci, minti nawa, da hoton da aka rufe shiri da shi.